Wa Ya Ce Hausa Ba Ta Iya Lissafin Jifa?

'Yan'uwana ɗalibai, takaici ne ya sa na ɗauki alƙalami. A hutun da ya wuce na tarar da ƙanena, ɗan sakandare, ya tasa littafin Fiziks a gaba yana haddar ƙa'idojin lissafin jifa kamar aku. Na ce ya gaya mini da Hausa abin da yake karantawa, sai ya ce malaminsu ya ce wannan ilmi ba ya faɗuwa da Hausa. Yaron nan kuwa tun yana shekara bakwai yake kaɗo mangwaro da hoge, yake harbin kurciya da danƙo!

To, ga tambayar da ta gagare shi, kuma da Hausa za mu warware ta. Mutum yana kan hasumiya mai tsawon mita 20, ya wurga dutse gaba sak, bai ɗaga shi sama ba, da saurin mita 15 a daƙiƙa. Ina zai faɗi?

Asirin abin shi ne tafiya biyu dutsen yake yi a lokaci guda, kuma babu ruwan ɗaya da ɗaya. Yana yin gaba, yana kuma yin ƙasa. Idan muka ajiye tirjiyar iska a gefe, saurinsa na gaba ba ya sakewa. Amma ƙasa tana jan sa, kowace daƙiƙa saurin faɗuwarsa yana ƙaruwa da kimanin mita 10 a daƙiƙa. A daƙiƙar farko ya tashi daga sifiri zuwa 10, tsaka-tsakinsu 5, watau ya sauko mita 5. A ta biyu daga 10 zuwa 20, tsaka-tsakinsu 15. Haɗa 5 da 15, ga mita 20 ta cika. Ashe daƙiƙa 2 zai yi a iska. Mita 15 sau 2 kuwa 30 ke nan, nan zai faɗi daga gindin hasumiya. Da an saki wani dutsen daga hannu a lokacin da aka yi jifar, tare za su dira. Ina wurin da Hausa ta kasa?

Na san masu ja za su ce ai da Turanci ake jarrabawa. Gaskiya ne, ban kuwa ce a jefar da Turanci ba. Amma wanda ya gane abu da harshen uwarsa, sa masa sunan Turanci aikin minti biyar ne. Wanda ya haddace kawai, da an juya tambaya sai ido ya raina fata, ya faɗi, ya gudu daga kimiyya yana zaton shi ne daƙiƙi. Galileo ma, wanda ya bayyana wannan ilmi a littafinsa na 1638, da Italiyanci ya rubuta muhawarar da ke ciki, a zamanin da masana suke tinƙaho da Latin.

Laifin har da mu a ciki. Mun iya shirya gasar waƙa da wasan kwaikwayo, amma wa ya taɓa zama da 'yan sashen kimiyya don a daidaita kalmomi? Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ina kira ga ƙungiyarmu da ta kafa kwamiti a wannan zango, mu fara da babin jifa, mu kai wa ƙannenmu. Allah ya sa mu dace, amin.