Gigin Tsufa: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

Bismillahir Rahmanir Rahim. 

Ya 'yan uwana matasa, akwai zalunci iri biyu da ake tafkawa a ɗaki guda cikin gidajenmu, kuma ban cika jin an taɓo su a kan mumbari ba. Na farko ana yi wa tsohuwar da gigin tsufa ya kama, na biyu kuwa matar da aka jibge wa jinyarta.

Gigin tsufa ciwo ne na ƙwaƙwalwa. A shekarar 1906 likitan nan Bajamushe, Alois Alzheimer, ya bayyana nau'insa mafi yawa, kuma a jikin mace ya gano shi, wadda ta fara da zargin mijinta ba gaira ba dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu ciwon sun kai miliyan 57 a shekarar 2021, ta kuma ce mata ne ke ɗauke da kashi 70 cikin 100 na sa'o'in jinyarsu.

Mantuwa ita ce mai sauƙin. Abin da ke karya mai jinya shi ne sauyin hali. Hajiya za ta ɓoye kuɗinta ta manta, ta rantse matar ɗanta ce ta sace. Ta gama cin tuwo, ta gaya wa baƙi kwana biyu ba a ba ta komai ba. Da magariba ta ƙulle kayanta ta ce za ta gidan mahaifinta, wanda ya daɗe a kabari. Bakin da ya saba da tasbihi ya koma ashar, ga rashin barci, ga fitsari a shimfiɗa. Nan da nan sai ka ji tsegumi: mayya ce, asiri ne, alhaki ne ke bin ta. Subhanallah! Aya ta 70 cikin Suratun Nahli ta riga ta sanar da mu cewa ana mayar da wani ga tsufan da ke shafe saninsa, kuma shari'a ta ɗauke alƙalami daga wanda hankalinsa ya gushe. Wa ya ba mu iznin yi mata ƙazafi?

Sannan wa ke kwana a zaune? 'Ya mace guda, ko matar ɗa, mai goyo da girki. 'Ya'ya maza suna Abuja ko Legas, su aiko da buhun shinkafa, su buga waya ranar Juma'a, gari ya ɗauka suna yi wa uwa biyayya. Ranar da ɗan ya zo, uwa ta kai ƙarar sata, sai ya hau matarsa da faɗa, wani har ya yi saki.

Ku ji tsoron Allah. Umarnin kyautata wa iyaye idan tsufa ya riske su, a aya ta 23 cikin Suratul Isra'i, a kan ɗa ya sauka. Malamai sun bayyana cewa hidimar uwar miji kyautatawa ce daga mace, ba farilla ba. Za a ce ai lada take samu. Na yarda, to me ya sa kai ba ka kwaɗayin ladan? Za a ce namiji ba ya yi wa uwarsa wanka. To tsaron dare fa? Wankin zannuwa fa? Biyan mai taimako fa?

Shawarata ita ce a kai ta ga likita: akwai asibitocin ƙwaƙwalwa a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, da Dawanau. Ciwon ba shi da maganin warkewa tukuna, amma sau da yawa zafin jiki ko ciwon mafitsara ko rashin bayan gida ne ke tsananta rikicewar, kuma ana maganinsu. Kada a yi musu da ita, a lallashe ta a sauya zance. 'Yan uwa su zauna su raba kwana da kuɗi, a ware wa mai jinya ranakun hutu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya ba iyayenmu lafiya, Ya saka wa masu jinya da Aljanna, Ya bar mu da hankalinmu har ƙarshen rayuwa. Amin. Wassalam.