A BINCIKI HALIN MAI WASA, A BAR MASA BAKINSA

Jama'a, maganarmu ta wannan mako a kan masu wasa take, watau mawaƙa da makaɗa da 'yan fim, da 'yan dabo masu rufa ido, da 'yan kama da gardawa, da kuma binciken da ake cewa sai an yi musu, an ba su lasin, kafin su fita neman abinci. Kowa ya san yadda taro ke haɗuwa in mai dabo ya shimfiɗa buhunsa a bakin kasuwar 'Yankaba, ko a wani fili a Tudun Wada ko Gwagwarwa. Yara su manta da aike, 'yan dako su sauke kaya, mai tebur ya miƙa wuya. Mutumin da ke iya tara jama'a haka, lalle ya kamata a san ko wane ne shi. Wannan ba mu musa ba.

'Yan kasuwa sun fi kowa sanin dalili. Inda aka yi da'ira ana kallo, nan 'yan sane ke cin kasuwarsu. Akwai kuma wanda zai fara da mai da takarda naira a gaban jama'a don a yi dariya, sa'an nan ya ja wani gefe ya ce masa ya kawo jarinsa a ninka masa. Ga kuma masu wasan da ake kira gidan biki da makarantu, su shiga cikin mata da ƙananan yara. Wake ɗaya shi ke ɓata gari, masu sana'ar na kirki su ne suka fi kowa son a tsame shi. Tun da can ma baƙon mai wasa ba ya faɗa wa gari haka kawai, yana da mai masauki, yakan gai da mai unguwa, sarkin sana'arsa kuwa shi ke tsaya masa. A Ingila, tun 2012 akwai ofishi guda da ke duba ko mai neman aiki da yara ya taɓa yin laifin da kotu ta hukunta shi. Tambayar ke nan da ta dace: mutumin nan, ya taɓa cutar wani?

To, a nan Kano wace tambaya ake yi? An kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i a 2001, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, bayan ƙaddamar da Shari'a a 2000. Aka ce don kare tarbiyya ne, jama'a suka yi na'am. Amma ku dubi waɗanda sandar ta sauka a kansu. A ƙarshen 2008, zamanin Malam Ibrahim Shekarau, aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama a kan rajistar kamfaninsa da fim ɗinsa Tsintsiya, shi kuwa ya tsaya takarar gwamna a 2007. Sai a 2009 Babbar Kotu ta rushe hukuncin, bayan ya riga ya sha zaman gidan yari. A 2017, zamanin Abdullahi Umar Ganduje, aka gurfanar da Sadiƙ Zazzaɓi a kan waƙar da ya yi wa Kwankwaso. A 2019 aka kama Naziru Sarkin Waƙa, daidai lokacin da ake takun saƙa tsakanin gwamnati da Sarki Muhammadu Sanusi na Biyu, wanda ya naɗa shi.

Duka ukun nan laifin da aka karanta musu iri ɗaya ne, wai sun saki aiki ba a tace ba. Ba wanda aka ce ya yanki aljihu, ko ya cinye jarin wani, ko ya lalata ɗan wani. Mu kuwa muna tambaya: a nuna mana mawaƙi guda da ya wasa gwamna mai ci, aka kwana da shi a kurkuku don bai kai waƙar an tace ba. Biri fa ya yi kama da mutum.

Dattawanmu sun san wannan dabara, don sun sha ta. Bayan kafa NEPU a Kano a 1950, ba a yin lacca sai da izinin En'e. Wanda ake so a ba shi, wanda ba a so a ce ya dawo gobe, in ya gaji ya yi taronsa a aiko 'yan doka, a kai shi gaban alƙali. Hajiya Gambo Sawaba an ɗaure ta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Ƙasashen da ke taƙama da ilmi ma ba su tsira ba. A 1950 gwamnatin Amurka ta karɓe fasfon mawaƙin nan baƙar fata, Paul Robeson, saboda ra'ayinsa, bai sake samunsa ba sai a 1958. Takardar izini in ta shiga hannun mai mulki ba tare da ƙa'ida a rubuce ba, takunkumi take zama.

A 2023 hukumar, a ƙarƙashin Abba El-Mustapha, ta soke lasin ɗin 'yan Kannywood baki ɗaya, ta ce kowa ya zo a sake tantance shi don a fid da ɓata-gari. Ku 'yan kasuwa ku auna da kanku. Da za a wayi gari a ce an soke takardar kowace rumfa a Kantin Kwari don an sami ɓarawo guda a ciki, wa zai ce an yi adalci? Babban tauraro yana da kuɗin sabuwar rajista, yana da lauya, yana da wanda zai buga wa waya. Ƙaramin mai amshi, da mai kalangu, da mai dabon da abin da ya tara a faranti shi ne cefanen gidansa na ranar, su ne za su rasa kwanakin aiki suna zarya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Saboda haka ga abin da muke nema. Na farko, a rubuta laifuffukan da ke hana mutum lasin, da Hausa, a manna a kasuwanni, su tsaya kan sata da zamba da cin zarafin yara da mata, waɗanda kotu ta tabbatar. Na biyu, a faɗi kuɗin a fili, ya zama wanda talaka zai iya biya, a ba da rasit. Na uku, a sa wa'adi, in ya cika hukuma ba ta ba da amsa ba, mai nema ya ci gaba da sana'arsa. Na huɗu, shaidar mai unguwa da ta shugaban sana'a ta wadatar, kada a tambayi mutum jam'iyyarsa ko wanda ya yi wa waƙa. Na biyar, kada a soke lasin ɗin kowa sai an kira shi an ji ta bakinsa, kuma ƙofar kotu ta zama a buɗe gare shi. Ba sabon abu muka ƙago ba. Tsarin Mulki na 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi a sashe na 36, ya ba shi 'yancin faɗin albarkacin bakinsa a sashe na 39.

Kada wani ya ce shi ba mawaƙi ba ne, ina ruwansa. Mai rumfa da takarda yake zaune, mai tuƙa Adaidaita Sahu da takarda yake yawo. Hannun da ya saba karɓe ta mawaƙi don ya yabi wanda ba a so, ba zai ji nauyin karɓe ta ɗan kasuwa don ya zaɓi wanda ba a so ba. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Muna kira ga shugabannin kasuwanni da na rassanmu na unguwanni, su kai wa wakilansu na Majalisar Dokokin Jiha waɗannan buƙatu biyar a rubuce, su nemi amsa a rubuce. Allah ya ba talaka mafita, amin.