LAFIYAR MANOMI DA MAKIYAYI: Ciwon kafaɗa da allon da ke bayanta

Damina a ƙasar Damagaram gajera ce. Daga watan 7 zuwa watan 9 ruwa ya kusa gama abin da zai yi. Manomin da kafaɗa ta hana shi noman farko ba shi da wani watan da zai rama a ciki. Ko ya biya ƴan ƙwadago, ko ya bar haki ya cinye gero. Shi ya sa gyaran kafaɗa aikin rani ne, tun sungumi yana rataye.

Mai wannan ciwo, in an ce ya nuna wurin, kan kafaɗa yake dafawa, inda hannu ya haɗu da jiki. Nan wanzami ke kafa ƙaho, nan ake shafa man kaɗe. Amma sau da yawa akwai hannun allon kafaɗa a ciki, faffaɗan ƙashin nan mai kusurwa uku da ke kwance a baya, bisa haƙarƙari.

Allon nan ba ya da gaɓa da haƙarƙari. Ƙashi guda ne ya riƙe shi, siririn nan da ya taho daga ƙirji ta ƙarƙashin wuya. Sauran riƙon duk na tsoka ne. Tsoka 17 ke manne da shi, suna jan shi ta kowane gefe kamar igiyoyin tanti. In igiya guda ta saki, tanti ya karkace. A shekara ta 1944 wasu likitoci a Amurka sun auna yadda hannu ke tashi sama. Suka ga in an raba tafiyar uku, kashi biyu na gaɓar kafaɗa ne, kashi guda na allo ne, wanda ke juyawa yana ba hannu hanya. To, in allo ya yi nawa, jijiyoyin kan kafaɗa ne ke ɗaukar aikin da ya fi ƙarfinsu. Sai su gaji, su yi ta zogi.

Makiyayi mai jan wasaki a rijiyoyin Damargu masu zurfi, mai ban ruwa a garaken Mirriya da Gidimuni, mace mai daka safe da maraice, baduku da ke wuni sunkuye bisa fata a Zinder, duk aikinsu a gaba yake. Tsokar ƙirji ta yi ƙarfi ta ɗaure, ta jawo kafaɗa gaba. Ta tsakanin alluna kuwa ba a cika ba ta aiki ba. Ƙato mai ɗaga buhun gero shi kaɗai yana iya zama da raguwar tsoka a nan bai sani ba.

Ana iya dubawa a gida. Mai ciwo ya tuɓe riga, wani ya tsaya bayansa. Ya ɗaga hannu biyu a hankali, ya sauke a hankali, sau 5. A lura ko gefen allo guda yana ɓullowa kamar fiffiken kaza, ko kafaɗa guda tana rigan ƴar uwarta hawa wajen kunne. Sai dai mutane da yawa allonsu haka yake kuma lafiyarsu lau. Wanda ba ya jin ciwo kada ya sa wa ransa damuwa.

Motsin da ake yi ba ya bukatar ko dala. Na farko, mutum ya zauna ya miƙe baya, ya ja alluna biyu baya, su ɗan yi ƙasa, kamar zai matse goro tsakaninsu. Ya ƙirga 5, ya saki. Sau 10. Kada kafaɗa ta hau wajen kunne, nan ne mutane suka fi ɓata shi.

Na biyu da katanga ake yi, kuma shi ya fi cancanta a daɗe a kai. A tsaya taki guda daga katanga, a dafa tafin hannu biyu daidai kafaɗa. A lanƙwasa gwiwar hannu har ƙirji ya kusanci katanga, a tura a dawo. In hannu ya miƙe, kada a tsaya nan. A ƙara turawa kaɗan, har a ji alluna sun buɗe sun rabu da juna. Wannan ƴar ƙarin turawa ita ke tada tsokar da ke gefen haƙarƙari, ƙarƙashin hamata, wadda ke manna allo da jiki. Sau 10, a huta, a sake. Bayan haka a jingina hannu da katanga daga gwiwar hannu zuwa ƙaramin yatsa, a riƙa zame shi sama sannu sannu iyakar inda ciwo ya bari, a sauko.

Bayan sati biyu a nemo robar cikin tayar keke, irin wadda ake ɗaure kaya da ita. A zarga ta a gindin itace daidai cibiya, a kama baki biyu, a ja gwiwar hannu baya tana goga haƙarƙari, a saki a hankali. Ƙirji kuma a saki shi a bakin ƙofa: a dafa gefen ƙofa, a ɗan matsa gaba har a ji ja, a ƙirga 30.

Ɗan zafi lokacin motsi ba laifi ba ne, in ya kwanta kafin gobe. In an kwana da shi ya ƙaru, a rage yawa, amma kada a bari ɗungurum. Tsoka ba ta ƙarfi cikin kwana uku. Sai an yi sati 6 zuwa 12 ana yi kullum, ko a riƙa tsallake rana guda. Wanda ya fara a watan 3 yana da fili kafin shuka. Kuma aiki ba a daina shi, rage shi ake yi: ƙaramin guga, canjin hannu bisa igiya, kai hatsi inji maimakon daka har kafaɗa ta dawo.

Abin da ya fi ɓata samari shi ne ƙwayar tramol ta ƴan talla. Tana rufe zafi, mutum ya yi ta aiki bisa jijiya mai rauni, ga shi kuma ta kama shi ba ya iya bari. Ƙwayoyin ciwon jiki ma, in an daɗe ana sha, suna cin ciki suna taɓa ƙoda.

Akwai kafaɗar da ba ta motsi ba ce, ta asibiti ce tun ranar. Wanda ya faɗo daga raƙumi ko amalanke hannu ya ƙi tashi. Kafaɗar da ta kumbura da zafi ga masassara. Hannun da ya mutu ko yake ramewa. Ciwon da ya zo tare da nauyin ƙirji da zufa, don yana iya zama na zuciya. Haka mai sikila, da mai ciwon sukari da kafaɗarsa ta ƙage, da mai tsohon tari yana rama. Wanda kuma ya yi wata uku yana motsi bai ga sauƙi ba, ya je wurin majo na asibitin garinsu. In ya ga da bukata zai ba shi takarda zuwa babban asibitin Zinder, wurin masu aikin gyaran gaɓoɓi da ake ce wa kine.