Kunya Ba Ta Biyan Kuɗin Fassara

Kwanan baya wata ƙanwata marubuciya ta kira ni tana neman shawara. Wani kamfani a Ingila ne ya ba ta fassarar takardun wayar da kai kan lafiyar masu juna biyu. Ta yi aikin, ta tura, aka ce an gode. Daga nan wata biyu shiru kake ji. Na ce, "Kin aika masu da inbois, takardar neman biya?" Sai ta ce, "Haba Yaya, ai da kunya, kada su ce na cika son kuɗi."

Na yi dariya, domin ni ma na taɓa faɗawa wannan rami. Mu marubutan Hausa a kan amana muka taso. Ka buga littafinka, ka kai wa ɗan kasuwa a Kano, ya ce ka dawo in an sayar. Babu takarda, babu ranar biya. Ka je ka gaishe shi, ka tambayi iyali, ka tashi ba ka ambaci kuɗi ba, kana jiran ya gane da kansa. To, wannan ɗabi'ar ce muka kwasa muka kai wa Bature, shi kuwa bai san karatun kurma ba.

Abin da na gano shi ne, sau da yawa wanda ya ba ka aikin ba shi ke biya ba. Akwai ofishin akanta daban, kuma ko sisi ba sa saki sai takardar neman biya ta shiga hannunsu. In an ce biya bayan kwana 30, daga takardar ake fara ƙirge, ba daga ranar da ka kwana kana fassara ba. Ka ga kenan mai kunya shi ke jinkirta wa kansa.

Takardar ba wani abin tsoro ba ce: suna, adireshi, lamba, kwanan wata, yawan kalmomi da farashin kowace, jimla, sai bayanan banki da lambar SWIFT. Mutanen Turai za su nemi IBAN, ka gaya masu Nijeriya ba ta amfani da shi, namu asusun lambobi 10 ne. Na Amurka kuma kan turo fom ɗin W-8BEN, shaidar cewa kai ba mai biyan haraji ba ne a can. Amma 'yan'uwa mata a kula da suna! Mun saba da sunan alƙalami, Maman wane, Ummu wance. Banki bai san Maman kowa ba. Sunan da ke kan asusu shi za a rubuta, harafi da harafi, in ba haka ba kuɗin na iya maƙalewa ko su koma inda suka fito.

Inda na fi shan wuya shi ne ladan hanya. Aikina na farko mun shirya a kan dala 300, abin da ya iso asusuna bai kai haka ba. Na zaci cuta ce, ashe bankunan da kuɗin suka ratsa ne kowa ya yagi rabonsa. Mai aikawa yana da zaɓi uku: OUR, ya ɗauki nauyin cajin duka, SHA, ku raba, BEN, kai ka ɗauka. Tunda ban yi magana ba, aka zaɓa mani. Yanzu tun kafin in fassara kalma ɗaya nake tambaya.

Sai batun irin kuɗin. A watan Yuni 2023 Babban Bankin Nijeriya ya saki naira. Dalar da ke wajen naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 zuwa Fabrairun 2024. Wanda ya yi ciniki da naira ya jira watanni, ya san abin da ya gani. Ni dai da kuɗin ƙasar mai aikin nake ciniki, su shiga asusun dala, in canza lokacin da na ga dama.

Wasu kan bi ta asusun ɗan'uwa da ke zaune a waje. Ban ga laifinsu sosai ba, domin ko da PayPal ta shigo Nijeriya a 2014, aikawa kawai ta yarje mana, ban da karɓa, aka ɗauki shekaru a haka. Sai dai wannan hanya ta sha ɓata zumunci. Yaya za ka matsa wa ɗan ƙanin mahaifinka a kan haƙƙinka? Kunyar da ka gudar wa a wurin Bature ta dawo gida.

Na san wani zai ce yawan sharuɗɗa na korar mai ba da aiki. Ni dai mutum ɗaya ne ya taɓa fusata don na nemi rabin kuɗi kafin in fara, kuma shi ne har yau nake bin sa ragowar.

Ƙanwar tawa dai ta daure ta aika da takardar a daren. Washegari aka amsa mata cewa dama ita ake jira, kuma kwana 30 ɗin sun fara daga ranar.