Ina Rabon Kurma Da Makaho A Kuɗin Makaranta?

'Yan'uwa, da wuya a sami ikilisiyarmu ta ƙauye da ba ta da yaro ɗaya ko biyu da ke zama gida sa'ad da sauran yara suka tafi makaranta. Wani kurma ne tun da sanƙarau ya kama shi, wata kuwa ƙyanda ce ta tafi da idanunta. Mukan gan su ran Lahadi kusa da iyayensu mata, mu shafa musu kai, mu ce Allah ya kawo sauƙi. Shi ke nan, sai wata Lahadin.

Yawancinmu ba mu san doka ta riga ta yanka wa yaran nan rabonsu ba. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC, ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin firamare da ƙaramar sakandare. A tsarin rabon da hukumar ta daɗe tana bi, kashi 2 na wannan kuɗi na yara masu buƙata ta musamman ne. A Janairun 2019 kuma Shugaba Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Dokar ta ce karatunsu kyauta ne har ƙarshen sakandare, ta kuma ba da shekara 5 a gyara gine-ginen jama'a yadda keken gurgu zai shiga. Wa'adin ya cika a 2024. Ku leƙa firamaren garinku ku ga ko an taɓa matakalar.

To, ina kuɗin yake maƙalewa? Babban kason UBEC ba ya fita sai jiha ta ajiye nata daidai da shi, kuma jihohi da dama sun sha barin biliyoyin naira kwance a Abuja. Ɗan abin da ya fito domin naƙasassu kuwa yakan ƙare a makarantu ƙalilan na manyan birane, irin ta Tudun Maliki a Kano. Ba laifin makarantun ba ne. Amma wace uwa ce za ta kai kurma ɗan shekara 6 makarantar kwana a garin da ba ta da kowa?

Wasu dattawanmu sukan ce mu yi abinmu da kanmu kamar dā. Gaskiya ne, mishan ta SUM ce ta buɗe makarantar makafi ta Gindiri a 1953, muna kuwa gode wa Allah dominta. Sai dai baikon ƙaramar ikilisiya ba zai biya malamin maganar hannu albashi ba, iyayen yaran kuma 'yan ƙasa ne kamar kowa.

Yaron da ba ya cikin rajista ba ya cikin kasafi. Saboda haka muna roƙon kowane fasto, tare da zumuntar mata, su rubuta sunayen irin yaran nan da shekarunsu kafin sabon zango. A haɗa da na maƙwabtanmu Musulmi, gama ciwon ɗaya ne, kuma takardar da gari duka ya sa wa hannu ta fi wuyar jefarwa. A kai wa hedimasta da kwamitin kula da makaranta, sa'an nan Sakataren Ilimi na ƙaramar hukuma, a nemi ko malami ɗaya ne daga cikin waɗanda Jami'ar Jos da kwalejin Oyo suke horarwa domin wannan aiki. Kada a baro ofis sai an buga wa kwafinku hatimi.