Bishof Gitari da Maganar Ƙasar Noma

'Yan'uwa manoma, a taron ƙungiyoyinmu mukan ji ana cewa aikin limamin Ikilisiya wa'azi ne kaɗai, kada ya sa baki a sha'anin hukuma. Mu dai ba mu yarda da wannan ba, tarihin Bishof David Gitari na ƙasar Kenya kuwa ya ishe mu hujja.

An haife shi a 1937. A 1975 aka naɗa shi bishof na fari na yankin gabashin Dutsen Kenya a Ikilisiyar Angilikan. Yanki ne mai faɗi, daga gonakin kofi da shayi na Kirinyaga har zuwa busasshiyar ƙasar makiyaya ta Marsabit. Ya kafa sashen hidimar jama'a domin koyar da noma da kiwo da kiwon lafiya da samar da ruwan sha. Wannan kowa ya yaba, har hukuma.

Rigima ta tashi ne da ya fara tambaya. A zaɓen 1988, zamanin Shugaba Moi, an sa mutane su yi layi a fili bayan hoton ɗan takarar da suke so. Gitari ya ce wannan ba zaɓe ba ne. Mu da muka san ƙauye mun gane nufinsa. Wanda ya ci bashin hatsi da damina, ina zai sami ƙarfin halin tsayawa a wani layi, mai bashin yana kallonsa? (Ƙungiyoyinmu da ke zaɓen ma'aji da ɗaga hannu, su duba wannan da kyau.) A 1989 wasu mutane suka fasa gidansa da dare suna neman ransa. Ya hau rufin ɗaki yana kururuwa, maƙwabta suka kawo gudunmawa. A 1990 jam'iyyar da ke mulki ta soke zaɓen layi.

Abin da ya fi taɓa mu shi ne maganar tudun Kamuruana. A 1991 aka ba waɗansu masu ƙarfi a siyasa wannan tudu, alhali kuwa na jama'a ne. Bishof ya buɗe 1 Sarakuna sura 21, ya yi wa'azi a kan gonar inabin Nabot wadda Sarki Ahab ya ƙwace. Waɗansu suka ce siyasa ce. To, me amfanin koya wa mutum haɗa takin gargajiya da dashen itatuwa, idan gobe za a zo da takarda a ce filin na wani ne?

Ya zama Babban Bishof na Kenya daga 1997 zuwa 2002, ya rasu a 2013.

Muna roƙon kowace ƙungiya, kafin shuka, ta zauna da limaminta da dattawa a rubuta iyakar gonar ƙungiya da burtali da makiyaya, shaidu su sa hannu. A ba sakatare kofi ɗaya, ɗaya kuma a ajiye a Ikilisiya.