Baba Mutuniyar Karo da Wasan 'Yan Mata a Makarantunmu

A cikin shekarar 1951 wata tsohuwa ta rasu a Giwa, ƙasar Zazzau, wadda ba ta taɓa shiga aji ba, ba ta kuwa taɓa karɓar albashin En'e ko na anini ba. Sunanta Baba. Asalinta mutuniyar Karo ce, wani ƙauye kusa da Zarewa, garin da a wancan zamani ya ke cikin ƙasar Karaye, yau kuwa yana cikin ƙaramar hukumar Rogo. A ganinmu, in za a lissafa matan da suka yi wa ilmin wasa da rawar 'yan mata hidima a ƙasar Kano, lalle ita ya kamata a fara ambata.

An haife ta wajen 1877, watau ta riga ta mallaki hankalinta sa'ad da Turawa suka ci Kano a 1903. Ta yi aure huɗu, Allah bai ba ta haihuwa ba, sai dai ta riƙe 'ya'yan dangi. Da tsufa ya kama ta a Giwa, sai ta gamu da wata Baturiya, Mary Smith, matar M. G. Smith wanda ya zo binciken zaman jama'ar Zazzau. Daga ƙarshen 1949 zuwa farkon 1950, kamar mako shida, Baba tana faɗin labarinta, Baturiya tana rubutawa da Hausa. Daga baya aka juya shi Turanci, aka buga a London a 1954, mai labarin ba ta ko ga bangonsa ba. An sake buga shi a Amurka a 1981.

Masana na ƙasashen waje sun fi karanta littafin nan don labarin aure da bauta da hare-haren zamanin da. Mu kuwa da mu ke horon malamai, abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ƙuruciyarta: yadda 'yan mata su ke ado ran kasuwa su fita rawa, yadda a ke ƙulla ƙawance, da waƙoƙin da ta rera aka rubuta. Duk wannan koyarwa ce, ko da ya ke babu allo babu alli. Babba ta koya wa ƙarama, ƙarama ta girma ta koya wa ta bayanta.

A dubi gaɗa kaɗai. 'Yan mata su yi da'ira a dandali, ɗaya tana ba da waƙa, saura suna amshi da tafi. Sa'an nan ɗaya ta shiga tsakiya ta faɗo da baya, ƙawayenta su cafe ta su cilla ta sama, ta dira a kan ƙafafunta. Malamin da ya san aikinsa zai ga abu da yawa a nan: ƙarfin ƙafa da numfashi, kiyaye lokacin tafi, jiran layi, hadda, da amincewa, gama yarinya ba za ta saki jikinta ba sai ta tabbata za a tare ta. Ba a sayen ƙwallo, ba a ɗinka riga, ba a roƙon kowa kuɗin kayan wasa. Amma ga shi a makarantun ƙauye da yawa, in lokacin motsa jiki ya yi, sai a jefa wa maza ƙwallo, 'yan mata kuwa su koma gindin darbejiya su zauna har a kaɗa ƙararrawa.

Mun san waɗansu iyaye da malamai za su ce rawa ba ta dace da ɗiyar Musulmi ba. Ba mu raina wannan magana ba. Gaskiya ne cikin labarin Baba akwai makaɗa da samari a bakin kasuwa, akwai ma bori, mu kuwa ba mu ce a kawo ko ɗaya cikinsu makaranta ba. Amma gaɗa ta 'yan mata ce su kaɗai, kiɗanta tafi, ana kuwa iya yin ta cikin katangar makaranta, malama tana tsaye. Waƙar da ta yi batsa a bar ta, akwai masu tsabta da yawa.

Saboda haka ga roƙonmu ga malaman Karaye da Rogo. Kowace makarantar firamare ta nemi tsohuwa ɗaya ko biyu a unguwarta, waɗanda suka yi gaɗa da carafke da tashe a ƙuruciyarsu, a girmama su, a kira su ranar motsa jiki su nuna wa yara. Malama ta riƙe littafi ta rubuta waƙar, da yadda a ke tsayuwa, da sunan garin da aka samo ta, gama ta Zarewa ba lalle ta zama ɗaya da ta Karaye ba. Akawunan ofishin ilmi kuwa su tattara littattafan nan a ƙarshen zango, su aika da kwafi zuwa kwalejojin horon malamai. Tsofaffin da suka iya abin nan suna raguwa kowace damina, saboda haka a fara cikin zangon nan da mu ke ciki.